Baƙin Mai a Ƙofar Gidan Kakana

Ran kasuwar Madawa da ta wuce ina tsaye bakin wani gareji ina jiran mota, sai iska ta kwaso mini warin baƙin mai, irin wanda ake tsiyayewa daga inji da zafinsa. Sai da na nemi benci na zauna. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka wari ne kawai. Ni kuwa gajiya yake tuna mini, gajiyar da na ɗauka tun ina yarinya, a tsakanin tsofaffi biyu masu taurin kai.

Babana direba ne a asibitin mishan. Wata farar mota kat-kat yake ja, doguwa mai tsani a baya, wadda ke kai ma'aikatan jinya ƙauyukan Adar awon jarirai da allurar rigakafi. Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a kan duwatsun Buza. Yana saurayi ciwo ya kai shi asibitin, ya warke, ya zauna, ya zama Kirista. Kakana kuwa da girmansa ya bar tsafin gidansu ya kama salla, ya kuma riƙe ta da hannu biyu. Da labari ya kai masa bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi ba zai sake karɓar komai daga hannun wannan ɗa ba, kuma bakinsa ba zai sake kiran sunansa ba. An aika masa hatsi a shekarar yunwa, ya mayar. An aika riga da sallah, ta dawo a naɗe yadda ta tafi.

Abu ɗaya ne ya sami hanyar shiga, shi ne baƙin mai. A shekarun nan na casa'in, tsohon man inji dukiya ne a ƙauye. Da shi ake shafa wa raƙumi da jaki in ƙazwa ta kama su, da shi ake shafe itacen rufin ɗaki da ƙyauren ƙofa saboda gara, da shi ake lallashin ƙafar keken jaki ta daina kuka. Babana ya roƙi shugabansa izini, aka yarda ya riƙa yi wa motar bidanji, wato canjin mai, a ƙauyensu, yayin da ma'aikata ke aikinsu a inuwar makaranta. Sai ya riƙa tsayar da ita daidai ƙofar gidan kakana, wai nan ne ƙasa ta fi daidaita. Ƙarya ce, ƙauyen nan ba inda ya daidaita.

Kakana ma ya samo tasa dabarar. A ganinsa abin da ya zuba a ƙasarsa nasa ne, ba kyauta ba ce. Idan akuyar wani ta yi kashi a gonarka, ai ba ka zuwa godiya.

Saura mai kai magana, kuma ni aka ɗora wa. In an yi hutun makaranta sai a cusa ni bayan mota tsakanin akwatunan magani, hanya ta yi ta jijjiga ni a kan tsakuwa da kwazazzabai. Muna isa, kakana na zaune a tabarma gindin aduwa, kamar bai san da zuwanmu ba. Ni kaɗai yake gani.

"Amaryata, kin taho? Hwaɗa ma direba shi matsa da motatai, ta tare mini iska."

Sai in juya in faɗa wa babana, wanda ke tsaye kusa da har inuwarsa na taɓa tabarmar.

Aikin kuwa ba ya gaggawa. Babana zai bar injin ya ɗan huce, amma ba ya bari ya yi sanyi, don mai sanyi ba ya gudu. Ya shimfiɗa buhu, ya tura rabin bido, wato jarka, da aka yanka ya zama kwano, ya shige ƙarƙashi da kile, wato sifana, a hannu. Da ya kwance ƙusar gindin inji sai man ya zubo baƙi ƙirin, yana tururi, daga baya ya koma zare, daga baya ɗigo. Babana na jiran ɗigon nan har sai ya ƙare sarai, ni kuma rana na dafa mini kai. Sannan filtir, gwangwanin nan da ke tace mai. Ya naɗa masa tsohon bel ya murɗa, ya ciro shi yana zuba, ya dangwali sabon mai da yatsa ya shafa wa robar sabon, ya ɗaura da hannu kawai. Ya buɗe kapo, murfin inji, ya ɗura sabon mai ta mazurari, ya zaro ƙarfen awo ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya tayar da mota, ya koma ƙasa duba yoyo. Kwanon baƙin man kuwa nan ƙasa yake barinsa. Aikin da makanikan gari ke gamawa kafin shayi ya nuna, shi yakan ja shi daga hantsi har azahar.

Duk tsawon lokacin nan ina kai da komo kamar ƙwarya a hannun masu shan fura. Ce wa direba ya ɗaure da kyau. Ce wa Baba na ɗaure. Tambayi direba ko matatai ta samu lahiya. Ce wa Baba ta warke. Wata rana na fashe da kuka na ce ai kuna jin juna, me ya sa sai ni? Kakana ya ba ni ƙuli-ƙuli, babana ya ce in miƙo masa tsumma.

Haka muka yi shekaru, har asibiti ya sami sabuwar mota, aka ce ita sai a garejin asibiti za a riƙa yi mata bidanji. Doka ce mai kyau, ba mai laifi. Babana ya ga ai abu mai sauƙi ne. Ya tara baƙin man a bido cike, ya toshe, muka kai a cikin bazara, ana zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Ya sauke shi gaban tabarma.

Kakana ya dubi bidon, ya dubi motar, ya dube ni.

"Hwaɗa ma direba, wanga ba ga ƙasata yaz zuba ba. Wagga kyauta ta."

Ban juya ba. Babana ya durƙusa, ya yi wa kakana magana da bakinsa, karo na farko da na taɓa ji.

"Baba, na gaji. Don Allah ka amsa."

Tsohon ya daɗe yana murza carbi. Sai ya ce mini, "Amaryata, shiga cikin gida ki sha ruwa." Da na fito babana na cikin mota, bidon na inda aka ajiye shi. Muka kama hanyar gida.

Da daminar shekarar kakana ya rasu. Wajen gaisuwa gwaggona ta gaya mana bidon bai motsa ba. Bai shigar da shi gida ba, bai kuma yarda wani ya taɓa ba, ko da maƙwabci ya zo roƙo don raƙuminsa. Da safe yakan share kewayensa ya zauna.

Yanzu ba mai damuwa da baƙin mai kamar da. Akwai maganin ƙazwa a kanti, rufin kwano ya kori itace, yaran gareji na zubar da shi a kwata. 'Ya'yana da 'ya'yan gwaggona suna hira a waya, wannan ya taya wancan barka da sallah, wancan ya mayar a Kirsimeti, ba sa neman ɗan aike. Ina murna da haka, amma murnar ba ta sauke mini komai ba.

Babana ya tsufa, idanunsa sun hana shi tuƙi. Da na koma gida ran kasuwar nan na ba shi labarin warin da na ji. Ya shafa gwiwa. Can ya ce, "Da na sani, ɗiyata, da ran nan na shimfiɗa buhu na kwanta ƙarƙashin motar, ko ban kwance komi ba. Da ya zauna ya kalle ni har azahar."