Na Bar Kawu a Ƙarƙashin Gada

Edita, a sakaya sunana, don ni kaina ba na son jin sa. Lokacin da abin nan ya faru shekarata uku a Jidda. Na zo umra na maƙale, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya min, sai baki. Ni irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo zancen da ba su sani ba. Don kawai an haife ni a bakin kogi a ƙasar Yawuri, na taɓa tuƙa kwalekwale zuwa cin kasuwa, sai na riƙa gaya wa 'yan ɗakinmu a unguwar Ammariyya wai ni jikan sarkin ruwa ne. Jikan sarkin ruwa mai dakon kwali a Bab Makka.

Wanda ya ji tausayina wani dattijo ne haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo a ƙafa. Ba mu haɗa jini ba, amma Kawu nake ce masa. Shekara da shekaru yana kula da jirgin ruwan wani attajiri a arewacin gari, irin jirgin shan iskan nan mai doguwar sanda a tsakiya, wadda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Su sari suke ce wa sandar. Attajirin bai san gaban jirgin da bayansa ba, ya saya ne don abokai su gani su yaba. Kawu ya ɗauke ni ina taya shi wanki da goge-goge, ya kuma ja min kunne kada kowa ya san ba ni da takarda.

Wata safiya lokacin sanyi aka ce a kai jirgin wurin masu gyara su kankare gindinsa. Hanya biyu ce. Ta nesa tana bi ta gaban masu gadin teku, kuma suna duba takardun duk wanda ke ciki. Ta kusa tana bi ta ƙarƙashin wata gajeriyar gada. Kawu ya ce in zauna in jira, shi zai bi ta nesa. In kuwa na nace sai na bi shi, to sai dai mu bi ta kusa, kuma dole a kwantar da sari tukuna, aikin wuni guda ke nan. Ni da na riga na cika wa 'yan ɗakinmu baki cewa yau zan tuƙa jirgin Larabawa, sai na yi masa dariya. Na ce ai da idona na ga wannan jirgin ya wuce gadar lokacin zafi, sarinsa a tsaye, har da sauran taƙi guda. Ya ce ruwan Jidda ba ɗaya ba ne, da sanyi yakan ɗago fiye da lokacin zafi. Na ce a raina tsufa ne da tsoro, teku ai ba kogi ba ne da zai yi cika. Na dame shi da surutu har ya ce halas, wato shi ke nan, mu je, amma a hankali, in ya ɗaga hannu in tsaya.

Ya tsaya a gaba yana duban sama, ni ina baya riƙe da inji. Da muka matso ya ɗaga hannu. Wallahi na gani. Amma akwai mutane a kan gadar suna kallo, sai na ƙara wuta don su san gwani ne ke tuƙi. Kan sari ya daki kankaren gadar, wayoyin da ke riƙe da shi suka tsinke, ya karye ya faɗo a kafaɗar Kawu. Ya kwanta yana salati, jini na zuba, mutanen kan gada suna kiran 'yan sanda. Jikan sarkin ruwa kuwa, abin da ya iya a ranar shi ne iyo. Na faɗa ruwa na fita ta bayan wasu duwatsu, na tari mota jiƙe sharkaf, ban waiwaya ba.

Daga baya na ji cewa an tambayi Kawu wane ne ya gudu, ya ce wani ɗan ci-rani ne da ya tsinta a bakin hanya, bai san sunansa ba. Attajirin ya kori Kawu tun yana gadon asibiti, ya ce tsufa ya cinye masa hankali. Hannun damansa bai sake ɗaguwa ba. Watanni bayan nan na hango shi a unguwar Balad yana sayar da asuwaki a kan tabarma. Na juya zan ɓuya, ashe ya riga ya gan ni. Ya kira ni, ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba su kama ka ba ko? Alhamdu lillahi." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da na koya shi ne, jahilci ba ya kashe mutum kamar jahilcin da ya sha yabo. 'Yan'uwana masu zuwa ƙasar nan, in wanda ya tsufa a sana'a ya ce ku kwantar da sanda, ku kwantar, ko da wuni biyu za a yi. Kuma ku guji irina, masu cewa sun san komai, don ranar da abu ya karye su ne farkon faɗawa ruwa. Har yau ina Jidda, ba wanda ya kama ni. Wannan zaman da nake yi da hannun wani bawan Allah na saye shi, kuma shekara biyu ke nan ina zagaye layin da yake shimfiɗa tabarmarsa.