Takardar da na sa wa hannu a ƙofar coci

Babana bai taɓa ganin teku ba, amma ya san Ingila. Duk ranar da ya dawo daga gidan hakimi ba a ba shi filin gina majami'a ba, sai ya cire hula ya ce, "A Ingila Sarauniya da kanta ce shugabar coci. Can Kirista ɗan gida ne." Shekara da shekaru a rumfar kara muke sujada a ƙauyenmu na kudancin Katsina, in hadari ya taso mu naɗe tabarmi. To da wannan karatun na sauka London, zamanin da mace ke riƙe da gwamnatinsu, da 'yata a baya da aji huɗu na firamare a ka. Ina tafiya a kasuwar Deptford ina ɗaga hanci kamar wadda ta zo karɓar gado.

Gadon da na tarar ɗaki ɗaya ne a hawa na uku. Maigida yana karatu a Bloomsbury, ni kuwa ina goge ofisoshi da safe. Sai tsoro. Ina tsoron tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ina tsoron murhun gas, duk wasiƙar hukuma mai ruwan ƙasa da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa sai in ajiye ta a kan firji har maigida ya dawo, kamar za ta cije ni.

Wadda ta riƙe ni ita ce Hajiya, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, Bakanuwa, mijinta likita ne a wani asibiti a Whitechapel. Ranar da ta ji ina yi wa 'yata faɗa da Hausa a kan bene, sai ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Ke 'yar wane gari ce?" Tun daga nan wurinta nake barin yarinyar kullum in tafi aiki. Ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. Duk faɗin London, a ɗakinta kaɗai nake dariya da bakina.

Da yarinya ta kusa shiga makaranta, kowa ya ce wadda ta fi kyau a unguwar ita ce ta coci, ko da yake gwamnati ke ɗaukar nauyinta. Sharaɗin shi ne a riƙa ganin iyaye a sujada. Akwai wani babban littafi a bayan coci, kowace Lahadi sai ka sa hannu, da shi Rabaran zai duba ya rubuta maka wasiƙa. Cocin kansa na dutse ne, zai ci ƙauyenmu duka, amma tsofaffin ciki ba su cika benci uku ba. Ga tutar ƙasa a rataye kusa da gicciye, babu ganga, babu tafi. Ranar farko na saki murya irin ta gida, wata tsohuwa ta waiwayo ta dube ni, na haɗiye sauran waƙar. Littafin nan kuwa ya zame mini ciwo. Biro biyu nake sawa a jaka, don kada ɗaya ya ƙi.

Wata Lahadi da muka fito, sai ga wani Bature a bakin ƙofar waje, da kwat, da ɗan gicciye a ƙirji, riƙe da takarda a kan allo. Na ji ana cewa takarar council yake yi, wato ƙaramar hukumar unguwar, kuma yana cikin masu kula da makarantar. Ya yi mini murmushi ya ce, "Christian family?"

"Yes sir," na ce, har da russunawa.

Ya yi dogon bayani. Abin da kunnena ya kama shi ne ƙasar Kirista, da 'ya'yanmu, da makaranta. Zuciyata ta ce, ga maganar Baba ta tabbata, ga ɗan'uwa mai mulki. A lissafina kuma, in hannu ɗaya a ciki yana da amfani, ai biyu sun fi. Na sa hannu, na rubuta lambar flat ɗinmu. Da na tsaya nan da sauƙi. Ni da bakina na roƙe shi takardun da yake rabawa, na bi gidanmu ƙofa ƙofa ina turawa, har ƙarƙashin ƙofar Hajiya, don kada alheri ya wuce ta.

Litinin da safe na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da takardar a hannu, babu murmushi.

"Ƙanwata, wa ya turo mini wannan?"

"Ni ce, Yaya. Ta makaranta ce."

"Ta makaranta. Shigo. Likita, don Allah karanta mata."

Mijinta ya ajiye kofin shayi ya fassara mini a hankali. Takardar tana neman council ta hana Musulmi tsohon shagon wanki na ƙarshen layinmu, wanda suke so su riƙa sallar Juma'a a ciki. Na san shagon. Wata nawa ina ganin Likita yana fita da fayil ɗin neman shagon a hammata.

"Da saura," in ji shi. "Suna kuma so a fara ba da gidaje da gurbin makaranta ga iyalan Kirista waɗanda kakanninsu 'yan ƙasar nan ne."

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ƙanwata, a wace unguwar London aka binne cibiyar kakanki?"

Ta karɓi hannun 'yata ta ce, "Yarinya ba ta yi mini komai ba, kawo ta. Amma sunanki yana cikin waɗanda za a kai council." Ina fita ta rufe ƙofa. Ba ta ce in sha koko kamar kullum ba.

Haka muka yi sati guda, in miƙa yarinya a bakin ƙofa, in karɓa a bakin ƙofa. In na cire sunana, mutumin nan zai gane ni ranar raba gurbi. In ban cire ba, da wace fuska zan ci gaba da ƙwanƙwasa wa Hajiya? Maigida ya ce, "Suna ɗaya ne fa, wa zai duba?" Ni kuwa na san ana dubawa. Lokacin da dattawan ƙauyenmu suka dangwala yatsa a takardar hana mu fili, Baba ya san kowane yatsa. Akwai na maƙwabcinmu, wanda suka ci gaba da gaisawa har ya rasu, amma ba su ƙara haɗa hannu a kwano ba.

Na sa maigida ya koya mini Turancin da zan yi, mai ladabi, na yi ta maimaitawa a gaban madubi ina goge ofis. Lahadi ta zo, na tsaya gaban Baturen, Turancin ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Give me."

Na fizge allon. Neman sunana bai yi wuya ba, duk takardar babu rubutu mai girman nawa. Na danna biro na yi ta gogawa har takarda ta yage, na haɗa da rabin sunan wata baiwar Allah da ke ƙasa da ni. Fuskarsa ta yi ja, yana ta "Madam! Madam!" Na ciro guntun na damƙe, na miƙa masa allonsa, na ce "Sorry sir." Kuma, abin kunya, na sake russunawa.

Makarantar dai ba mu samu ba. Wasiƙa mai ruwan ƙasa ta zo daga baya, aka tura 'yata makarantar bayan kasuwa, inda yaran Hajiya suke. Ko hannun mutumin ne, ko masu nema ne suka yi yawa, har yau ban sani ba. Baba ma ban taɓa ba shi labarin ba. In ya aiko kaset yana tambaya ko ina ganin Sarauniya a coci, sai in ce wurin zamanta da nisa.

Amma washegarin wannan Lahadin, na ƙwanƙwasa wa Hajiya, na buɗe tafin hannuna. Guntun takardar ya jiƙe da gumi, ya zama kamar ƙullin magani.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Hajiya.

"Sunana ne, Yaya. Na karɓo."

Ta warware shi, ta kai kusa da ido. "Wannan rabin fa, na wace ce?"

"Ban san ta ba."

Ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ta jingina da ƙofa tana dariya har ɗankwalinta ya zame. "Likita, zo ka ga 'yar gidan Sarauniya, ta je karɓo sunanta ta dawo da na mutane!" Sannan ta matsa gefe. "Shigo, kokon zai huce."