Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa Ranar Ɗaurin Aure

Ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ba na jin zan manta da ranar ɗaurin auren ƙanena, ranar da 'yar fitilar rufin motata ta kusa kunyata gidanmu gaba ɗaya.

A shekarar na sayi motata ta farko, 'yar Beljiyam, ina ji da ita ba kaɗan ba. Da aka tsayar da ɗaurin aure a Mandera bayan sallar Juma'a, ni na roƙi a bar mini ɗaukar Baffa, yayan mahaifinmu, wanda shi ne wakilin ango. Baffa malami ne a Bodinga, dogon mutum mai kwarjini, mai doguwar hula da ba a taɓa ganin kansa ba ita ba.

Ranar Alhamis na kai shi kasuwa, yana zaune a baya, muka sayo goro da dabino. Da safiyar Juma'a na murɗa makulli, mota ko tari ba ta yi ba. Maƙwabta suka tura ni har wurin mai gyaran wayar mota a bakin tasha. Yana leƙawa ya nuna rufi, ya ce fitilar ciki ce ta kwana a kunne ta shanye baturi. Ya ce yawanci ƙofa ce ba ta rufu ba, ko ɗan maɓallin da ke jikin ƙofar ya maƙale. Ya bi ƙofofin yana danna maɓallan da babban yatsa, duk lafiya. Sai ya danna gilashin fitilar kanta, ta mutu.

"Irin ta dannawa ce," ya ce. "Wani ya taɓa ta."

Na rantse masa ba wanda ya taɓa. Ya yi wa baturin caji, mota ta tashi.

Na ɗauko Baffa da Gwaggo, yayarsu duka. Saboda ciwon gwiwarta aka bar mata gaba, Baffa ya zauna tsakiyar baya, kwandon goro a damansa, buhun dabino a hagunsa. Ba mu fita gari ba muka haura wani tudun rage gudu, sai fitila ta kama. Na juya muka koma. Mai gyara ya sauke kowa, ya kwance fitilar, ya bi wayoyi, bai ga komai ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "In ta sake kamawa da kanta, to waya ta ka taɓa ƙarfe. Ka tsaya, don mota na iya kama wuta."

Maganar nan ce ta lalata mana tafiya. A kan kwalta lafiya lau muka yi ta gudu, amma muna sauka hanyar ƙasa bayan Shagari, ramin farko fitila ta kama. Na taka burki, muka fito da sauri, Gwaggo tana salati, ni ina shinshina rufin mota ko zan ji ƙauri. Babu. Na danna ta mutu, muka koma. Rami na gaba ta sake kamawa. Haka muka yi ta shiga da fita, har masu kekunan shanu da muka wuce suka zo suka wuce mu suna mana sannu.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Ƙanena yana ta kira, wai an idar da salla, liman yana zaune, uban amarya ya fara tambaya ko mun fasa ne.

Nan Baffa ya yanke hukunci. "Wagga ba lalurar waya ba ce," ya ce. "Akwai wanda ba shi son auren ga. Ja mota, ɗana, ni na san abin da za ni yi."

Na ja a hankali. Baffa ya fara karatu, yana gyaɗa kai kamar yadda ya saba. Fitila ta kama. Ya ƙara murya, ta mutu. Ta kama, ta mutu, daidai da karatun.

"Kun gani ko? Tana ji," ya ce.

A lokacin na ɗaga ido na dubi madubi. Duk sanda Baffa ya ɗago kai, ƙoƙon hularsa sai ya daki gilashin fitilar. Dariya ta taso mini, tsoro ya danne ta. Ta yaya zan ce wa Baffa maƙiyin auren nan a kansa yake zaune? Na fara, "Allah shi gafarta Malam," sai sauran maganar ta maƙale. Na karkata na raɗa wa Gwaggo.

Gwaggo ta waiwaya ta kalle shi na ɗan lokaci, ta ce, "Malam, tuɓe hular ga. Ita ta maƙiyin."

Baffa ya kai hannu sama, ya taɓa hula, ya taɓa fitila, ya ɗago kai a hankali don gwaji. Ta kama. Sai ya cire hular ya ɗora a cinya. Ranar na fara ganin sanƙon Baffa, kuma ban yarda na sake duban madubi ba har muka isa.

Mun tarar mutane sun fara miƙewa, fuskar uban amarya a murtuke. Ina ta shirya ƙaryar faci a raina, sai Baffa ya gyara zama, bayan gaisuwa ya ba da labarin da bakinsa, bai rage komai ba, har da gyaɗa kan. Liman ya yi dariya har yana share hawaye, uban amarya ya riƙe ciki. Cikin wannan raha aka ɗaura aure.

Tun daga ranar, in abu ya lalace, kafin in kwance waya ko in zargi wani, nakan fara duba abin da ke kusa da ni. Kuma Baffa ya koya mini cewa in kuskure naka ne, ka riga kowa faɗinsa. Mutane za su yi dariya, amma girmanka ba ya raguwa.