Pop Clarrie da ƙarfen bugun taya

Kakana Clarrie, mu Pop muke ce masa, shekara arba'in yana jan tirela mai jela uku tsakanin Mount Isa da Townsville, shanu ne, siminti ne, komai ya ɗauka. Da ya ajiye aiki ko wata biyu bai yi a gida ba ya fara zagaye tsakar gida kamar kare a ɗaure, sai ya je ya sayo tsohuwar mota mai ɗaki, da gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, ya sa mata suna Dolly. Shi da kakata Nan Merle duk sanyi sai su nufi arewa su dawo da zafi, ni ma da na bar makaranta suka ce taho.

To bara aka yi wa Nan aiki a ƙugu. Tafiyarmu ta farko bayan nan muka hau hanyar ƙasa ta wajen Quilpie mai gargada kamar bayan kada, Dolly tana rawa cokula suna kiɗa ƙofar firji ta buɗe ƙwai suka zubo, Nan ta riƙe ƙugu har muka iso gida. Tana sauka ta ɗauko kwali ta rubuta NA SAYARWA ta manna a gilashi.

"Clarence," in ta kira cikakken sunan to an shiga uku, "sati uku na ba ka. Zan cika kofin shayi in ɗora a tebur mu koma hanyar nan. In ya zube Dolly ta tafi, mu koma bene kusa da yayata a Toowoomba."

Pop a bene! Mutumin da ko labule ba ya so a ja masa. Ya ce "Haba Shugaba," ta ce ba wani Shugaba.

Wayyo ku ga aiki. Ya shige ƙarƙashin mota ƙafafu kawai ake gani, ya cire tsofaffin shakazoba duk sun yoye ya sa sababbi, ya ɗaura jakunkunan iska a baya don ɗuwawun Dolly ya daina zama, ya sa wani ƙarfe mai kauri wai shi ke hana ta tangaɗi in babbar mota ta wuce. Ya kwashe gwangwanayen abinci daga kabad na sama ya mayar ƙasa. Da muka gwada a kwalta kai, shan kwana ma kamar ƙaramar mota, Pop har waƙa yake. Amma muna taka ƙasa haƙorana suka fara haɗuwa, gar gar gar, kamar ba a taɓa komai ba. Ya tsaya ya kifa kai a sitiyari.

Shi fa Pop yana da wani guntun ƙarfe tun zamanin tirela, kullum da safe sai ya zagaya ya bubbugi tayoyi yana kasa kunne. In ta ce tam to lafiya, in ta ce bif sai ya kunna injin iska ya yi ta ɗura har sai ta ce tam. Bai taɓa sa gejin awon iska ba, wai geji na yara ne, kunnensa ya fi.

Ranar gwaji muka kai bakin hanyar Quilpie, Nan ta dafa shayi ta cika kofi saura yatsa ɗaya. Pop ya sauka da ƙarfensa zai yi bugun ƙarshe. Sai ga Nan ta biyo shi da sandarta, ta zaro geji daga jakar saƙa, ashe tana da shi.

"Shaylee zo ki durƙusa, ƙuguna ba zai kai ba. Danna nan. Nawa ya nuna?"

Na ce casa'in da biyar.

"Yanzu buɗe ƙofar direba ki karanta abin da masu motar suka rubuta a jiki."

Na ce sittin da biyar.

Ta juyo ta kalli Pop. "Tsohon banza, shanu nawa ka ɗauko a ciki? Mu uku ne da butar shayi. Ka mayar da taya dutse kana ta zagin shakazoba."

"Ai ta ce tam!"

"Kanka ma in na buga tam zai ce."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ita fa a gonar shanu ta tashi, tun tana shekara sha biyu take tuƙa akori-kura a irin hanyar nan. Ta miƙo min allurar saƙa na danna bakin kowace taya fiii har sittin da biyar, ta ce ƙara ragewa kaɗan tunda ƙasa za mu taka, in mun hau kwalta a mayar, kuma a tafi a hankali.

Pop ya ce "Kin sani tun tuni kika bar ni sati uku a ƙarƙashin mota?"

"Shakazoban ma sun mutu ai. Da na faɗa da wuri za ka canza su?"

Ya shiga ya tayar. Ni aka ba gadin kofi, na sa ido ko ƙiftawa ba na yi. Shayin yana ɗan rawa yana lasar baki yana komawa, muka haye wani ɗan kwari na ce shi ke nan, bai zube ba! Kilomita goma, ashirin, cokula shiru, firji shiru. Na waiga in gaya wa Nan, ashe ta yi barci baki buɗe saƙa a cinya.

Pop yana kallonta ta madubi yana share ido wai ƙura ce, alhali gilashi a rufe. Ya ce min a hankali "Ciro kwalin nan."

Da muka yada zango a bakin rafi da kwalin aka hura wutar gasa nama, ƙarfen bugun taya kuma Nan ta ƙwace, yanzu da shi take tona garwashi. Shayin da ya huce Pop ya shanye shi tas. Jibi za mu kama hanyar Karumba, ya ce a can kifi ya fi ni tsawo, ƙarya yake amma zan je in gani.