Baba Kafinta da Katakon Shekara Biyu

Ƙarfe shida na safe, kafin sauran masu shaguna su fito, Baba Kafinta ya riga ya buɗe nasa. Zai share garin katakon jiya, ya rera baiti ɗaya na waƙar yabo da wannan muryar tasa da ba ta taɓa yin daɗi ba, sannan ya zagaya bayan shago wurin katakon da ya jera a inuwa. A goshin kowane jeri akwai wata da shekara da ya rubuta da alli. Rubutun ba na ranar saye ba ne, na ranar da zai taɓa katakon ne, shekara biyu cur a gaba. Ɗanyen katako, in ji shi, ka yi ƙofa da shi bana, baɗi ta ƙi rufuwa.

Shekara arba'in da huɗu yana haka. A wannan watan hannu ya fara rawa, ya miƙa wa ɗansa shagon. Har yanzu akwai masu cewa tsohon taurin kai ne da shi. Gaskiyarku, yana da shi, kuma wannan taurin kan ne na zo in jinjina wa. Ni ne sakataren ikilisiyar da ya tsaya gaban jama'a ya karanta takardar horonsa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Shekara goma sha tara ke nan da wani baƙon mai wa'azi ya sauka a majami'armu. Bakinsa zuma. Ya ce an nuna masa ranar dawowar Ubangiji, saura kwana arba'in. Muka hau muka zauna. Tela ya rufe shago, direba ya ajiye mota, ni kaina na daina zuwa ofis. A cikin makon nan ne aka sauke wa Baba sabon katako, ya jera shi, ya ɗauki alli ya rubuta shekara biyu kamar yadda ya saba. Kafin la'asar magana ta kai kunnen dattawa.

Suka kira shi. Babban dattijo ya ce, "Baba, saura kwana talatin da uku, kai kana rubuta shekara biyu? Ƙaryata bawan Allah kake yi a idon duniya. Je ka goge."

"Ba zan goge ba."

"Wato ba ka gaskata Ubangiji zai dawo ba ke nan?"

"Na gaskata tun ba a haifi baƙon naku ba," in ji Baba. "Kowace safiya ina sa ran zuwansa. Amma shi da bakinsa ya ce ba a ba kowa sanin ranar ba. In ya zo, gara ya tarar da ni da zarto a hannu da ya tarar da ni zaune ina ƙirga kwanaki."

Fasto ya ja shi gefe yana lallashi: alli ne fa, tsumma ɗaya ya isa. Mama, matarsa, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ya ce in ya goge, ya sa hannu a kan ƙarya. Sai aka hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, mutumin da bai taɓa fashinsa ba tun da aka yi masa baftisma, aka kuma ce bencin baya ne wurin zamansa. Da na gama karanta takardar, ya tashi ya koma can. Shi ya ƙera bencin da hannunsa.

Daga nan muka kwashe bencina muka kai fili don mu jira a sarari. Ruwan sama ya dake su, gara ta ci rabonta, wasu ma muka faskara muka dafa wa masu jira abinci, tunda a ganinmu amfaninsu ya ƙare. Bencin baya kaɗai muka bari. Kowace Lahadi Baba da Mama sukan zo majami'ar da ba kowa, su zauna a kansa su yi sujada su biyu.

Ranar ta zo, rana ta fito, ta faɗi yadda ta saba. Washegari aka nemi baƙo aka rasa. Kunya ta kulle mu a gidaje, wasu suka ce su da addu'a har abada. Baba, kai ne ka bi mu gida gida da garin katako a gashinka. Ka tsaya a ƙofata ka ce, "Sakatare, baƙo ne ya yi ƙarya, ba Ubangiji ba. Tashi mu je." Ba ka taɓa ce wa kowa "ai na faɗa muku" ba. Da ka faɗa ma, da ya fi mini sauƙi.

Dattawa suka janye horon, suka roƙe ka ka yi sababbin bencina da gaggawa. Ka ce busasshen katakon na makaranta ne, ka riga ka yi alkawari, namu kuwa sai ranar da alli ya ce. Haka muka yi shekara biyu a kan tabarma. Dattawan da gwiwa ta hana zaman ƙasa, har da babbansu, suka jeru a bencin baya. Ranar da na miƙo maka ƙoƙon Jibi bayan horon, saura kaɗan ya suɓuce mini, kai ne ka riƙe shi don kada ya zube.

Bencinan da muke zama a kai yau, daga wannan katakon da muka ce ka goge suka fito. Shekara goma sha bakwai, ko ɗaya bai tsage ba.

Yanzu masu sa rana sun dawo, a waya suke bin mu. Ku da kuke turo mini saƙonninsu, ku daina wahalar da kanku, na taɓa faskara benci sau ɗaya, ya ishe ni. Ubangiji zai dawo, ba na tantama. Mai jiransa da gaske ya tashi ya tafi aiki, ya cika alkawarin da ya yi wa mutane, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa tun yau. Baba, na gode, kuma ga nawa neman gafarar a rubuce, tunda a rubuce na yi maka laifin.

Makon jiya na leƙa shagon, na tarar an sauke sabon katako. Tsohon yana tsugune, allin yana rawa a hannunsa, yana rubuta shekara biyu. Na ce, "Baba, ashe ba ka yi ritaya ba?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "In ya zo kafin ya bushe, madalla. In ni ya fara kira, ɗana ya iya karatu. Riƙe mini wancan bakin mu gyara jerin."

Na ajiye jakata na riƙe.