Hannun da Ba Ya Shiga Baki

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Hajiya Balaraba ta shiga tun bara, ga ni, ban mutu ba tukuna.

Wasunku sun ji shanyewar ɓarin jiki ta kama ni, hannun dama ya tafi ya bar ni. 'Yata Asma'u kaɗai gare ni a London, ga aiki ga yara, sai council, wato ƙaramar hukuma, ta sama min ɗaki a gidan tsofaffi a Croydon.

Ni da na zo ƙasar nan zamanin kuɗin fetur, lokacin da gwamnati ta turo marigayi maigidana karatu. A shekarun nan muka sauke farali, aka sa min haƙorin Makka. Cewa muka yi yana gamawa za mu koma gida.

Ma'aikatan gidan ba su da mugunta. Da suka ga hannun dama ya mutu, sai suka riƙa ajiye min cokali da buroshin haƙori a hagu, suna lallashina kamar yarinya. Ni kuwa tun ina rarrafe ake buge min hannun nan in ya nufi kwano. Hannun tsarki ne. Yaya zan kai shi bakina?

Sai in zuba wa abinci ido har ya huce, a zo a ɗauke. Shayi mai sukari kawai nake tsotsa ta bututun roba. Buroshi kuwa in jiƙa shi in mayar. Suka ce baƙin ciki ne ya hana ni ci, aka ƙara min ƙwaya.

Da fari dasashi ne ke jini. Sai zogi a ƙarƙashin haƙorin Makka, ko ruwa ba ya so.

Asma'u ta zo ran Lahadi ta ce, "Mum, ya jiki?" Na ce da sauƙi. Me kuma mutum zai ce?

Saratu ce ta tona ni. Ƙawata ce 'yar Filato, gida ɗaya muka yi haya a Camberwell tun muna da ƙuruciya. Ta taso daga Plumstead bayan coci tana dogara sanda, ta sunkuyo za ta gaishe ni, sai ta ja da baya.

"Balaraba, buɗe bakin nan."

"Ba komai."

"Ji min mata! Shekara da shekaru ina roƙonki ki rufe shi, yau na ce ki buɗe kina min yanga?"

Na buɗe. Ta leƙa ciki, sai na ga tana share ido da gefen ɗankwali.

Kafin a samu ganin likitan haƙori, kumatu ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. Motar asibiti, hoton muƙamuƙi, ɗibar jini, ƙarin ruwa, allura a jijiya. Likita ya ce cutar ta shiga jini, da an ƙara jinkiri da wata maganar ake. Na ji tsoro ƙwarai. Mutuwa dole ce, amma a ce ƙazantar baki ce ta kashe ni?

Suka cire haƙoran sama duka. Na roƙi likitan ya bar min na Makka, ya ce babu abin da ya rage a ƙarƙashi da zai riƙe shi. Na yi kuka kamar ranar da aka binne maigidan.

Asma'u ma tana kuka, tana tambayata cikin Turancinta me ya hana ni magana. Na ce hagu ce. Ta kalle ni ba ta gane ba. A nan na haife ta, laifin wa?

Asibiti ba su karɓi ko sisi ba. An yi min haƙoran roba, sun ƙi zama saboda rama. Waɗanda ake dasawa kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfinmu, an bar zancen.

Liman ya aiko min cewa lalura ta halatta ci da hagu. Na sani tun da. Kai ya yarda, maƙogwaro ne har yau yake gardama.

An ce na warke. Niƙaƙƙen dankali, niƙaƙƙiyar kaza, duk kamar kunun yaye. Nama sai dai ƙamshi. Komawa gida kuwa na daina yaudarar kaina.

Na gode wa Allah da ya bar ni da hankalina. Na gode wa likitocin, da Asma'u, da Saratu mai bakin tsiya. Allah ya saka da alheri.

In kuna da tsoho a irin gidan nan, ku bar tambayarsa ya jiki, da sauƙi zai ce ko yana gargara. Ku duba bakinsa da idonku. Ku nemi a kai shi likitan haƙori tun bai yi kuka ba. Ku faɗa wa ma'aikata abin da ba zai iya faɗa ba. Ku zo lokacin cin abinci, ku ba shi da hannunku na dama.

Ga tiren abinci nan an shigo da shi. Yau Talata, ba mai zuwa. Bari in ajiye wayar, hannun ɗaya ne.