Muƙamuƙin Ramin Kuza

Ni mahauci ne a mayankar Abattoir. Bokona bai wuce in rubuta sunana a karkace ba, amma a layinmu na Anguwan Rogo in aka zo maganar ƙashi, ni ake nema.

Maƙwabcina direban tifa ya fita ɗaukar yashi, shiru har shekara ta zagayo. Matarsa na zaune, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, ba damar wani aure. Sai ruwan wani tsohon ramin kuza a Bukuru ya ja baya, ƙasusuwan mutum suka bayyana, 'yan sanda suka kai asibiti. Ƙanin mijin ya ja ni mu je mu duba.

Na leƙa muƙamuƙin kamar mai tayin kan bijimi. Na ce, "Namiji ne. Shi ne ma, ga jan goronsa nan a haƙori."

Likitar da ke wurin ta ce, "Baba, ku dakata. Sai mun ɗauki hotonsa a na'ura, irin wanda ake wa mai ciwon haƙori, mu auna tsawo da faɗi. Na namiji ya fi girma da kauri."

Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake fasa kawuna."

Dangi ba su jira awo ba, tunda mahauci ya yi magana. Aka yi zaman makoki, na ci gumba har da guzuri. Matar ta shiga takaba, ta yi kukanta ta huce. Wani tela ma ya fara tambayar liman yaushe za ta fita.

Saura kaɗan ta gama, asibiti suka aiko: muƙamuƙin na mace ne.

Ƙanin mijin ya shiga gidan yana ƙyalƙyala dariya. "Matarmu, tashi ki yi kwalliya! Ashe wata baƙuwa kike wa takaba."

Matan layi suka ɗauka. In ta fito ɗibar ruwa sai su ce, "Sannu, ya haƙurin rashin maigidiyarki?" Liman ya ce aure na nan daram, sai dai ta nemi alƙali, dangin mijin kuwa suka ce in ta je kotu ta bar musu 'ya'yansu. Tela ya nemi wata matar.

Rannan ta tare ni a ƙofar gida. "Baba, kai fa ka ce ka gane shi."

Na ce, "To ai na shanu na ƙware, 'yar nan."

Ta juya ta shige gida. Har yau matar aure ce.